Hagu, In Ji Lyle

Talata, 4 ga Maris, ƙarfe bakwai na safe

Kerryn ce ta kawo mini littafin nan, wai rubutu yana rage damuwa. 'Yar da na haifa ce za ta koya mini rage damuwa. Ni ba ni da wata damuwa, aiki gare ni, don haka aikin zan riƙa rubutawa.

Jiya na ciro tagar bayan Tsohuwa ni kaɗai. Sukuru arba'in da biyu, duk sun yi tsatsa, biyu kawai suka karye. Na ga inda ruwa yake shiga: katakon kusurwar ya ruɓe, har da yatsa nake tona shi. Tun bara nake gaya wa mijina Lyle daga nan warin yake fitowa, yana cewa hancina ne. To, ga hancin nawa.

Tsohuwa tirelar kwananmu ce, ta haura shekara hamsin. Lokacin da muka jawo ta daga wata gona shekara biyu da suka wuce, kaji ne ke yin ƙwai a cikin kabad ɗinta. Lyle ya sake mata daɓe da tayoyi da wayoyin wuta, ni kuma na yi labule da rigunan katifa, sana'ar da na shekara talatin ina yi wa mutanen garinmu Waikerie. Bara sau biyu muka kai ta bakin teku. Saura tagar nan da fentin gefe, shi ke nan an gama.

Lyle yana lafiya. Ya ci burodi yanka biyu da hannun hagu, bai zubar da komai ba.

Alhamis, 6 ga Maris, ƙarfe uku na rana

Na kai Lyle wajen malamar da ke sake koya masa magana, kamar kowace Alhamis tun bayan da ɓarin jikinsa ya shanye a Janairu. Na jira a mota. Ta rako shi har bakin ƙofa, ta ce, "Noelene, ki shigo ko na minti goma, akwai abin da nake son nuna miki." Na ce mata sai wani makon, shagon kayan gini zai rufe. Yarinya ce mai kirki. Amma ba zan iya zama ina kallon mutumin da yake kwance injin ban-ruwa ido rufe ana nuna masa hoton kyanwa ana tambayarsa mene ne wannan ba.

Na sayo katako da robar taga da gam.

Lahadi, 9 ga Maris, ƙarfe biyar na yamma

Kerryn ta zo daga Adelaide da gasasshiyar kaza da maganar da ta shirya tun a hanya. Na san ta shirya, don sai da ta sake wanke kwanonin da na riga na wanke kafin ta zauna.

"Mama, wa zai ja ta? Ke ko baro ba ki taɓa ja da mota ba. Lasin Baba kuma..."

"Lasin babanki yana cikin aljihun tebur, bai je ko'ina ba."

"Haba, Mama."

"Likita cewa ya yi a jira a gani."

"Ba haka ya ce ba, ina wurin." Sai ta juya ta durƙusa gaban kujerarsa, ta dafa gwiwarsa, ta yi magana a hankali yadda kowa yake yi masa yanzu. "Baba, tirelar nan. Mu sayar da ita?"

Ya kalle ta, ya kalle ni. Bakinsa ya yi ta kokawa kafin abin ya fito.

"Eh," ya ce. Ya sake faɗa da ƙarfi, har yana dukan hannun kujera. "Eh. Eh!"

Na tashi na ɗora ruwan shayi. Wata goma sha huɗu mutumin nan ya yi yana kwanciya ƙarƙashinta da burushin ƙarfe, tsatsa na zubo masa a ido. Da kunnena na ji, ba wani ne ya gaya mini ba. Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye wa littafi ba.

Kerryn ta ce in ƙarasa gyaran, ita za ta sa talla a waya.

Litinin, 10 ga Maris, ƙarfe shida na yamma

Ban taɓa Tsohuwa ba yau. Lyle yana lafiya.

Talata, 11 ga Maris, ƙarfe takwas na safe

Na kwana da abin, na tashi da shawara. Wurinmu a masaukin masu tirela na Port Broughton, lamba goma sha huɗu, wanda yake kallon ruwa, yana nan da sunanmu ranar sha biyu ga Afrilu. Ban soke ba, ba kuma zan soke ba. Ya ce eh ne don yana ganin babu mai ja. In ya ga an gama ta, ya kuma gan ni riƙe da sitiyari, zai canza magana. Shekara arba'in da ɗaya, na san kan mijina. Kerryn ta ci gaba da tallarta. Wata ɗaya gare ni, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Na leƙa ta katanga na kira maƙwabcinmu Kosta, wanda yake jan tirelar inabi tun kafin a haifi Kerryn.

"Ke za ki koyi ribas da tirela? A shekarun nan naki?"

"Kai a naka shekarun ba ka koyi rufe baki ba, amma ban fid da rai ba."

Ya yi dariya har ya sarƙe. Asabar, in ji shi, a filin ƙwallo, kafin mutane su taru.

Asabar, 15 ga Maris, ƙarfe sha ɗaya na safe

Gaba ba wuya. Na ja ta daga gida har fili, sai dai na manta ta fi motar faɗi, na yi wa shingen gidan da ke kan kwanar titi aski kyauta. Baya ne aiki. Ka juya sitiyari dama ta tafi hagu, ka gyara ta naɗe ta zo tana leƙenka ta taga.

Kosta ya jera duron shara huɗu ya ce nan ne lamba goma sha huɗu. "Sa hannunki a ƙasan sitiyari. Inda kike son wutsiyarta ta je, nan za ki kai hannun. Kaɗan! Kaɗan na ce, Noelene, ba miya kike juyawa ba!"

Na kayar da uku. Na huɗun ya tsira ne don ban kai wurinsa ba.

Abin haushin, duk rayuwata ni ce a baya. Tirelar lemu, ta kwalekwale, Tsohuwa: Lyle yana cikin mota, ni ina tsaye inda zai gan ni a madubi. Ba ma magana, ƙarar inji ba ta bari. Yatsa yana nuna inda wutsiya za ta bi. Yafito yana nufin taho, akwai wuri. Dunƙulen hannu sama, tsaya. A masauki mutane kan ajiye kwalbar giyarsu su kalle mu, don sau ɗaya muke shiga. Na ɗauka rabin gwanintar tawa ce, ashe daga cikin mota komai a juye yake.

Da na dawo Lyle yana bakin tagar falo. Yana ganina ya juya kujerarsa ya ba mu baya, ni da ita.

Talata, 18 ga Maris, ƙarfe huɗu na yamma

Kusurwa ta gyaru. Sabon katako, gam, sukuru. Na jijjiga ta da dukkan ƙarfina, ko motsi ba ta yi ba.

Wani sabon abu: Lyle yana shan sukari yanzu. Tun da na san shi baƙin shayi yake sha, amma yanzu in na tambaya sai ya ce eh. Na sa cokali ɗaya, ya kurɓa ya ture. Na ce ko in ƙara, ya ce eh. Na ƙara, ya bar shi ya huce. An ce harshe yakan canza. Zan sayo wani ganyen shayin.

Alhamis, 20 ga Maris, ƙarfe uku na rana

Malamar magana. Na jira a mota.

Asabar, 22 ga Maris, tsakar rana

Duro biyu. Ana samun ci gaba.

Litinin, 24 ga Maris, ƙarfe biyar na yamma

Taga ta koma wurinta. Na sa Kosta ya riƙe tiyo yana feshi minti goma, ni ina ciki da tocilan ina bin kowane lungu. Ko ɗigo. Na fito ina rawa a kan ciyawa, Kosta yana cewa in yi a hankali kada in karya ƙugu ya shiga uku da marasa lafiya biyu. Sai ya ji abin da bakinsa ya faɗa, ya kashe ruwan ya tafi gida.

Na shiga na ce wa Lyle, "Tsoho, ta daina yoyo. Za ka zo ka gani?" Ya ce a'a. Na ce to in bar ka ka huta? Ya ce eh. Kullum haka muke yi. Na ja masa ƙofa na koma na goge gilashi.

Laraba, 26 ga Maris, ƙarfe goma na safe

Na ɗaura mariƙin ƙarfe a bakin ƙofarta, inda hannun hagu zai kama, na kuma ƙara matakala ɗaya mai faɗi. Kosta ya tambaya don wa. Na ce don duk wanda ya saya. Ya ce, "Uhm," ya riƙe mini igiyar awo.

Juma'a, 28 ga Maris, ƙarfe shida na yamma

Kerryn ta bugo tana son hotuna. Na wanke Tsohuwa, na ƙarasa layin fenti mai ruwan ɗorawa da Lyle ya fara a Disamba. Rabi nasa ne, rabi nawa, kuma babu mai iya nuna inda muka haɗu. Ina cikin ɗaukar hoto sai na ji ƙwas, ƙwas. Yana dukan gilashin falo da sandarsa, fuskarsa ta yi jawur. Na ɗaga murya na ce na kusa gamawa. Ya sake duka, ya fi na farko ƙarfi.

Na sani, Lyle. So kake ta bar maka gida ka daina ganinta. Ka yi haƙuri da ni mako biyu kawai.

Ya ƙi cin abincin yamma. Yana lafiya.

Litinin, 31 ga Maris, ƙarfe tara na safe

Wasu mata da miji daga Mildura za su zo ganinta ranar Asabar, ƙarfe sha ɗaya. Kerryn ta ce da ƙugiyar ja a motarsu za su zo, da gaske suke. Ban zaci za a samu mai saye da wuri haka ba. Laifina ne, na yi mata kyau da yawa.

Shekaranjiya duro ɗaya, shi ma ba faɗuwa ya yi ba, jingina ya yi.

Talata, 1 ga Afrilu, ƙarfe biyu na rana

Na tambaye shi da kaina, babu Kerryn a wurin. Na gaya masa na iya ja yanzu. Na ce har yanzu a sayar? Ya ce eh.

Wataƙila ban san kan mijin nawa ba.

Laraba, 2 ga Afrilu, ƙarfe shida na yamma

Dole in rubuta wannan yau.

Na fita da ita da rana ni kaɗai. Na ce ko ba komai in ja ta sau ɗaya har bakin kogi kafin a ɗauke ta. Da na dawo Kosta ba ya nan, ya tafi wajen likitan haƙori, kuma shi ne kullum yake shigar mini da ita gida. Hanyar tamu matsattsiya ce, tankin ruwa a gefe ɗaya, ginshiƙin ƙofa a ɗayan. Na gwada sau huɗu, na toshe titi, mai kai wasiƙu ya tsaya yana kallo.

A karo na biyar na duba madubi, sai ga Lyle. Ya fito da sandarsa da silifas, ya sauko matakala ukun da ba ya saukowa sai an riƙe shi, ya je ya tsaya daidai inda nake tsayawa.

Na sauke gilashi. Ya daka tsawa, "Hagu!"

Rabona da jin wannan muryar tun Janairu. Na kai wutsiyar hagu. "Hagu! Hagu!" Na ƙara. Sai na ji tas, fitilar baya ta fashe a jikin ginshiƙi.

Na fito a fusace. "Hagu ka ce! Ga hagun nan, ka gani? Ka ji daɗi?" Yana tsaye yana haki, yana ta cewa hagu, hagu, hawaye na bin gefen hancinsa. Sai na ga hannunsa. Ya jingina sandar a cinya, ya ɗaga hannun mai lafiya, yatsan a miƙe yana nuna dama. Tun ɗazu dama yake nunawa. Ni da na shekara arba'in ina cewa a kalli hannu, ni ce na tsaya sauraron baki.

Na koma mota. Na ɗaga gilashi don kada in ji shi, na ja gaba, na zuba wa madubi ido. Yatsa dama. Kaɗan. Yafito, yafito. Yatsa hagu. Yafito. Dunƙule. Na taka birki. Tana zaune a wurinta tsakanin tanki da ginshiƙi kamar da hannu aka ajiye ta.

Na daɗe a cikin motar kafin in iya fitowa, don shayin nan ya faɗo mini a rai.

Na je na tsaya gabansa. "Lyle, kada ka yi magana. Da hannu. Sukari a shayi?" Dunƙule. "In na ce in bar ka ka huta, so kake in tafi?" Dunƙule, har jijiyoyin hannun suka fito. "Tsohuwa fa? A sayar?"

Ya ɗaga dunƙulen sama da kansa, ya riƙe shi a can yana karkarwa, bakinsa yana cewa eh, eh, eh.

Mako uku da rabi yana zaune bakin taga yana kallon matarsa tana yi wa tirelarsa kwalliya don baƙi.

Alhamis, 3 ga Afrilu, ƙarfe huɗu na yamma

Yau na shiga. Malamar ta ce tun Fabrairu take son gaya mini. Kalmomin da suke tafiya biyu-biyu, eh da a'a, hagu da dama, sukan yi masa musaya a hanya, musamman in ransa ya tashi. Ya san abin da yake nufi, bakin ne yake ɗauko ɗan'uwan kalmar. Amma ba kullum ba, don haka ba za a ce a juya duk abin da ya faɗa ba. Ta ce ta rubuta a takardar da ta ba ni. Takardar tana nan, a kanta na ɗora gwangwanin fenti.

Na nuna mata alamunmu. Ta sa muka yi sau uku, ta ce ita katin hotuna ta yi niyyar ba mu, amma namu ya fi. Na san namu ya fi, ba sai ta faɗa ba.

Ya shanye shayinsa, baƙi, kofi biyu.

Asabar, 5 ga Afrilu, ƙarfe ɗaya na rana

Da na gaya wa Kerryn a waya cewa ta yi, "Mama, abin da kike son ji kike ji." Don haka ta iso tun ƙarfe tara, kafin masu sayen.

Na ce ta tambaye shi da kanta, amma ta kalli hannu. Ta fara da gwaji, halina ta ɗauko. "Baba, sunana Kerryn?" Yafito. "Yau Kirsimeti ne?" Dunƙule, da harara. "Kosta ya fi ka iya kamun ƙaguwa?" Dunƙule, har da buga ƙafa. Ta yi dariya, sai dariyar ta ɗauke.

"Ranar nan da na tambaye ka... Baba, kana so a sayar?"

"Eh," ya ce, dunƙulen yana sama.

Ta zauna a ƙasa ta kifa kai a gwiwarsa. "Na yi ta gaya wa mutane kai ne ka ce." Ya sa hannun a gashinta. Na fita na ba su wuri, na sake fitilar baya.

Ita ta buga wa mutanen Mildura waya. Sun riga sun kusa Renmark, ba su ji daɗi ba, kuma da gaskiyarsu. Sannan ta zo ta same ni.

"Har yanzu ban yarda da tuƙin nan naki ba."

"Ba ki gani ba ne."

"Na ga ginshiƙin."

Mun daidaita. Ba zan wuce gudun tamanin ba, zan tsaya duk bayan awa ɗaya, zan bugo mata daga kowane gari. In ta kira ban ɗauka ba, za ta turo 'yan sanda. Na ce ta turo, su taya ni kafa rumfa.

Juma'a, 11 ga Afrilu, ƙarfe biyar na yamma

Gas, ruwa, iskar taya, sarƙoƙi a gicciye ƙarƙashin ƙugiya. Magungunansa suna kabad na sama. Kosta ya kawo kwalbar zaitun, ya duba ƙugiyar sau biyu, ya ce in na kayar da wani a can kada in ce shi ya koya mini.

Asabar, 12 ga Afrilu, ƙarfe shida na yamma, Port Broughton

Mun iso. Awa biyar, tafiyar da Lyle yake yi a uku. Manyan motoci sun yi ta wuce mu iskarsu tana girgiza ta, na riƙe sitiyari har yatsuna suka sandare. Bayan Burra ya taɓa gwiwata ya nuna agogon gudu. Na ɗauka sauri na yi, ashe yafito yake yi. Na ce tamanin muka yi da 'yarka, ka kai ƙara wurinta.

Mun shiga masauki daidai lokacin da kowa ya fito da kujerarsa da kwalbarsa, lokacin da mai hankali ba ya isowa. Layi guda suka juyo da kujeru. Na san kallon, na sha yi wa wasu shi. Kafin in ja birki wani mai tumbi da gajeren wando ya iso taga.

"Sannu da hanya, baiwar Allah. Sauko in shigar miki da ita, minti ɗaya ne."

"Na gode, ina da mai nuna mini."

Ya leƙa ya ga Lyle yana kokawa da ƙofa da sanda. Ya ja da baya. Lyle bai yi gaggawa ba. Ya taka har bayan lamba goma sha huɗu, ya gyara hularsa, ya jingina sanda.

Ba sau ɗaya muka shiga ba, sau uku. A na biyun ya yi ta ihun dama, mai tumbin yana taya shi, "Dama ya ce, baiwar Allah, dama!" Ni kuwa ina bin yatsa zuwa hagu. Da ta zauna daidai tsakanin famfo da bishiya sai aka tafa. Mai tumbin ya kawo wa Lyle giya yana sosa ƙeya, ya ce bai taɓa ganin macen da take yin akasin abin da mijinta ya ce kuma ta yi daidai ba. Wata daga cikin masu kujerun ta ce, "Ba ka dai lura ba ne, Merv."

Lyle ya hau matakala ya shiga da kansa. Ya shafa kusurwar da na gyara, ya sunkuya ya shinshina ta. Ya san na gani.

Lahadi, 13 ga Afrilu, ƙarfe biyu na rana

Ƙaguwa bakwai. Ni na shiga ruwa da manjagara, shi yana zaune a bakin gaɓa yana nuna mini inda zan bi. Mun ci su a kan jarida da burodi da man shanu.

Litinin, 14 ga Afrilu, ƙarfe huɗu na yamma

Akwai abin da ban rubuta ba. Tun ranar da fitilar nan ta fashe yake zaune mini a ƙirji, gara in sauke shi.

Ranar farko a asibiti, da aka gama kai-komo aka bar mu mu biyu, ma'aikaciyar jinya ta ce akwai kujerar da ake miƙarwa in ina son zama da shi. Na sunkuya na ce, "Lyle, in kwana nan tare da kai?" Ya ce a'a. Na ce kana jin tsoro? Ya ce a'a. Na yi ta ba mutane labarin jarumtarsa. Gaskiyar kuwa, na ji sauƙi, don ni ce nake tsoron ɗakin. Kowace yamma na sake tambaya, kowace yamma na ɗauki jakata na tafi gida. Kwana goma sha tara. Ban kalli hannunsa ba ko sau ɗaya, yana ƙarƙashin bargo.

Ɗazu bayan abincin rana yana zaune a bencin ciki, bakin tagar baya, yana kallon ruwa yana janyewa. Na tsaya a ƙofa na faɗa masa duka, yadda na rubuta a nan, har da jin sauƙin. Bai juyo ba sai da na gama.

Na ce, "Ka so in zauna, ko?"

Ya dube ni. Sannan ya ɗaga hannu ya yafito sau ɗaya, a hankali.

Na kama mariƙin da na ɗaura masa. "To, ka yafe mini?"

"A'a," in ji Lyle.

Malamar ta ce ba kullum yake juyewa ba. Na tsaya a wurin da wannan a'ar, ban san ko daga zuciya ta fito ko daga baki ba, kuma na kasa ɗaga ido. In ta gaske ce ma, bai yi laifi ba. Da na iya dubawa, ya matsa jikin bango, ya kama ƙafar da ba ta jin magana ya kawar da ita gefe. Bencin na mutum ɗaya da rabi ne, ni na auna katifarsa. Hannun yana sama yana yi mini taho, taho, bai dunƙule alamar tsaya ba sai da kafaɗata ta taɓa tasa.